Muktar, Bahagon Taba

Sunana Lantana, ni ce babbar yayar Muktar Sada, ɗan damben nan da ake kira Bahagon Taba. Shekara tara na ba shi. Mutane sun dame ni da tambaya a bakin asibitin da nake aiki, kowa yana son jin yadda aka yi ya kai inda ya kai. Shi ya sa na ga gara in faɗa sau ɗaya in huta, don abin da suke gani a waya daban, abin da muka gani a gida daban.

A Taba aka haife shi, cikin ƙaramar hukumar Kudan, a shekarar 2001, ana tsakiyar saran rake. Mahaifinmu Malam Sada manomin rake ne, yana da fadama da injin matsa, kuma mazarƙwailar gidanmu har daga Kano ake zuwa sari. Mu huɗu Inna Mairama ta haifa, uku mata, sai Muktar auta.

Wani ya rubuta cewa tun yana ƙarami mafaɗaci ne, babu yaron da bai daka ba a unguwa. Wannan ƙarya ce. Muktar bai taɓa yin faɗa da kowa ba har ya bar makaranta. Yaro ne mai sanyi, mai ci, mai barci. Matsalarsa guda ɗaya ce, kuma har yau tana nan: duk abin da ka ce masa zai sunkuyar da kai ya ce "To," cikin ladabi, sannan ya tashi ya yi abin da ya ga dama. Ba ya musu, ba ya ɗaga murya. Da yana musu ma da da sauƙi, aƙalla ka san inda ya dosa.

Inna ce ta fara ɗanɗanawa. Bahago ne, ita kuma ta rantse ɗanta ba zai ci abinci da hagu ba. Ta ɗaure hannun da ɗankwali, ta ƙwala masa muciya, ta zaunar da shi a gabanta. Idan tana kallo sai ya ci da dama, tana juya baya hagu ta koma cikin kwano. Shekara bakwai suna wannan kafin ya sallama mata a kan abinci kaɗai. Rubutu, jifa, riƙe adda, duk da hagu ya ci gaba.

Da ya gama ƙaramar sakandare sai ya ce wa Baba zai koma, ya karɓi kayan makaranta, ya wuce fadama. Daga nan karatu ya ƙare. A lokacin na yi aure a Makarfi, mijina Abdulrahman yana koyarwa a firamare, ni kuma ina aikin lafiya a wani ƙaramin asibiti. Duk ranar kasuwa Muktar yakan biyo motar rake ya zo, ya yini cikin 'yan lodi yana sauke dami yana lodawa. A nan kafaɗunsa suka buɗe. Damin da mutum biyu suke ciccibawa shi kaɗai yake jefa shi saman mota.

Wata ranar kasuwa a 2017, bayan la'asar, ya shigo asibiti da girarsa a tsage, jini har rigarsa. Ya ce dami ne ya zamo daga mota. Na yi masa ɗinki huɗu. Ina cikin yi na ga shatin zare a hannunsa na hagu, tun daga yatsu har wuyan hannu, amma ban kawo komai ba. Da na koma gida Abdulrahman ya miƙo mini waya, ya ce in zauna tukuna kafin in kalla. Fili ne a bayan kasuwa, ana kiɗan kalangu, jama'a sun yi da'ira. Ga ƙanena babu riga babu takalmi, hannu a naɗe da zare, ga wani ƙaton mahauci daga Ikara a kwance a ƙasa ana yi masa fifita.

Washegari na tsare shi na tambaye shi abin da ya kai shi. Ya ce wai mahautan ne suka ce babu namiji a cikin 'yan rake, abokansa kuma suka tura shi. Na ce to ka yi fushi ke nan. Ya ce a'a, bai yi fushi ba, kawai da ya shiga sai ya ji abin ya yi masa daɗi.

Baba ya kira shi ya yi masa faɗa sosai. Ya ce dambe gadon mahauta ne, mu a zuriyarmu babu wanda ya taɓa naɗe hannu, kuma shi kaɗai ne namijin da zai riƙe fadama. Muktar ya ce to. Mako mai zuwa aka gan shi a filin Janfalan, na gaba a Malikanchi. Cikin rani biyu na ɗinke shi sau biyar. Har ta kai abokan aikina idan suka hango shi sai su ce mini in ɗauko allura, baƙona ya iso.

Ana haka ne Baba Ishaya ya shigo maganar. Tsohon soja ne, mutumin wajen Zonkwa, ya fi shekara ashirin a Makarfi yana gyaran injin ban ruwa da janareto. Shi yake duba injin Babanmu duk shekara, kuma suna ganin girman juna. Abin da ban sani ba shi ne ya yi damben boksin a barikin soja yana saurayi. Ya zo gidanmu da hantsi, muka gaisa, ya tambayi maigida, ya tambayi yara, ya tambayi mutanen Taba ɗaya bayan ɗaya, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Malama Lantana, na kalli ƙanenki sau uku. Yana karɓar naushi biyu kafin ya kai ɗaya. Idan ya ci gaba a haka, nan da shekara uku ba zai iya faɗin sunansa daidai ba. Hana shi kuma ba za ku iya ba. Ku ba ni shi."

Ya yi mini bayanin safar hannu mai laushi, da hular kare kai, da robar da ake sa wa a baki, da likitan da yake zama a gefen dandamali. Ni da na gaji da ɗinki, jin an ambaci hula da likita sai na yarda. Ni da kaina na raka Baba Ishaya Taba wurin Babanmu. Baba ya ce don darajar Ishaya ya amince, amma da sharaɗi ɗaya, kada abin ya hana aikin gona.

A bayan shagon gyaran Baba Ishaya suka fara, ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Baba Ishaya ya cika buhun taki da yashi da dusar katako ya rataye a reshe. Bayan sallar asuba Muktar yana gudu a gefen titi har kusa da Tashar Yari ya dawo, da yamma kuma dukan buhu da tsallen igiya. Wannan duk bai ba shi wahala ba. Hannun dama ne rigimar. A damben gargajiya hannu ɗaya ne yake duka, ɗayan a buɗe ake miƙa shi gaba don ture abokin karawa. Muktar ya saba da haka. Ana sa masa safa biyu, amma ta dama tamkar ado ce, yana miƙa ta gaba yana jiran ya sami hanyar sauke hagu. Daga bakin titi ake jin muryar Baba Ishaya yana cewa ya dunƙule, ya kai dama, ya mayar da ita kusa da haɓa. Muktar ya ce to, ya yi sau biyu, na uku hannun ya sake miƙewa. Da abin ya ishi dattijon sai ya ɗauko tsohon bel ɗin inji ya ɗaure masa hagun a baya, wata guda cur yana dukan buhu da dama kaɗai. Ranar da aka kwance, ko minti biyar ba a yi ba ya koma yadda yake. Da na ba Inna labari ta yi dariya har da hawaye, ta ce a gaya wa Ishaya ya yi haƙuri, yanzu ya fara.

Wasansa na farko a Kaduna aka yi, a 2019, gasar masu tasowa. Na ɗauki hutun kwana ɗaya na bi su. Zagaye na farko ya yi kyau, har na fara jin daɗi. A na biyu yaron da suke karawa ya matse shi a jikin igiya yana zuba masa naushi a ciki. Sai kawai na ga Muktar ya ɗaga ƙafa ya kwashe shi, yaron ya faɗi rim. A filin Janfalan wannan kisa ne, wato nasara, a nan kuwa laifi ne babba. Alƙalin wasa ya tsayar da komai ya kore shi. Shi kuma ƙanena ya ɗaga hannu sama yana zagaya dandamali yana murmushi, yana zaton ya ci. Na rufe fuskata da mayafi. A hanyar dawowa, da muka shigo Zariya, Baba Ishaya ya juyo ya ce masa ƙafa ta tsayuwa ce, ba ta duka ba.

Gasa ta biyu ko naushi ɗaya bai kai ba. A ajin kilo sittin da tara aka sa shi. Kwana ɗaya kafin tafiya na ɗora shi a sikelin asibitinmu, ya ba da sittin da takwas da rabi. Na ce masa kada ya ci komai mai nauyi sai an auna shi. Baba Ishaya yana da aikin da zai ƙarasa, don haka Muktar ya riga shi tafiya. A tasha ya sha fura da nono. A Zariya ya ci doya da ƙwai. A jakarsa kuma akwai mazarƙwailar da Inna ta ƙulla masa, ya yi ta gutsura har Kaduna, yana korawa da ruwa. Da safe sikeli ya nuna saba'in da ɗaya. Aka ce ya koma gida.

Daga nan na dawo da shi gidanmu, muka ba shi ɗakin ƙofar gida, abincinsa ya koma hannuna. Ina auna masa tuwo, ina rage mai, na hana shi rake. Mako uku nauyi bai motsa ba. Na zargi sikeli, na kai shi na wani asibiti, duk ɗaya. Sai da na sa ido na gano cewa 'yan lodin kasuwa kowa yana saya masa tsire don gwaninsu ya ƙara ƙarfi. Wannan bai ba ni haushi ba kamar na biyun. Mama Agnes, matar Baba Ishaya da kanta, kullum idan an gama atisaye sai ta ja shi kicin ta cika masa kwano da faten acca, wai an bar yaro da yunwa. Mijinta yana waje yana lissafin kilo, ita tana ciki tana ƙara masa ludayi. Sai da muka zauna mu uku kamar zaman sulhu kafin ta yarda ta rage.

Shekarar korona babu gasa, sai atisaye. Bayan an buɗe wasanni ne abubuwa suka fara daidaita. Ya daina shuri, ya koyi kauce wa naushi, ya koyi motsa ƙafa. Damar dai tana nan da sauranta, amma hagun ta isa ta rufe masa asiri. Cikin shekara biyu ya yi wasa goma sha ɗaya ya ci tara, ya zama na ɗaya a ajinsa a jiha. A ƙarshen 2022 aka kira shi sansanin horo a Kaduna, za a tafi da shi gasar ƙasa. Baba Ishaya ya ɗinka sabuwar riga saboda tafiyar.

Saura kwana biyar a tashi, aka wayi gari babu Muktar a sansani. Kocin can ya kira Baba Ishaya, Baba Ishaya ya kira ni, na kira wayar Muktar a kashe. Na kira asibitocin da na san mutane a Kaduna, babu labari. Wajen azahar wata ƙanwata ta bugo ta ce in kwantar da hankalina, yana Taba. Na hau acaɓa ko kayan aiki ban cire ba.

A fadama na same shi, laka har gwiwa, adda a hannu, ya sare kusan layi goma. Ashe ciwon baya ne ya kwantar da Baba mako guda, rake ya nuna yana neman wucewa, 'yan ƙwadago kuma duk an riga an kama su. Baba ya hana Inna gaya wa kowa, har ni. Wani direban motar rake ne ya haɗu da Muktar a Kaduna ya ba shi labari, shi kuma ya sa takalminsa ya nufi tasha, bai sallami kowa ba.

Na tsaya a kan kunyar rake cike da haushi. Na ce, "Muktar, ba ka da baki ne? Da ka kira ni, da Abdulrahman ya nemo mutane daga Makarfi yau ɗin nan. Shekara huɗu ana wahala da kai saboda wannan tafiyar."

Ya share gumi ya ce, "Yaya, ai Baba cewa ya yi in dai bai hana aikin gona ba."

Cikin dubban maganganun da aka faɗa masa a rayuwa, wannan ce kaɗai ya ga damar riƙewa, kuma sai a ranar da ba a so. Na ce ya ajiye addar mu tafi, ƙila a karɓe shi. Ya ce to, ya sunkuya ya ci gaba da sara. Kafin la'asar an cire sunansa an sa na wani. Wancan ya je ya dawo da lambar tagulla, kuma yaro ne da Muktar ya taɓa dokewa sau biyu.

Na zaci Baba zai ji daɗi. Da aka gaya masa abin da aka rasa sai ya sa aka kira Muktar har bakin shimfiɗarsa, ya tambaye shi wanda ya aike shi, ya ce mutumin da aka ba amana ba ya barin wuri babu sallama, kuma ya kunyata shi a idon Ishaya. Mutumin da ya yi shekaru yana ƙin damben, ga shi yana faɗa don an bar dambe. Na fita tsakar gida na bar su, don ban san wanda zan fara da shi ba a cikinsu. Muktar bai bar Taba ba sai da aka matse raken nan kaf aka dafa.

Baba Ishaya ya ce kada ya sake taka masa bayan shago. Muktar ya amsa, washegari da yamma ya zo ya kama dukan buhu. Dattijon ya juya masa baya yana kwance inji kamar bai san da mutum ba. Haka suka yi kusan wata biyu, babu gaisuwar kirki, babu kora. Mama Agnes ta ce mini ranar da abin ya ƙare tana wanke-wanke ta ji mijinta ya jefar da sifana ya daka tsawa, wai wane irin sakarci ne mutum ya bar dama tana lilo kamar hannun riga. Daga wannan tsawar aka shirya.

A 2023 wani mutumin Zariya mai suna Shamsuddeen, wanda yake shirya wasannin ƙwararru a Abuja, ya ga bidiyon Muktar ya zo nemansa. Ya kawo takarda shafi shida da Turanci. Na ce wa Muktar kada ya sa hannu sai Abdulrahman ya karanta layi-layi. Ya ce to. Da Abdulrahman ya buɗe shafin ƙarshe sai ga sa hannun Muktar, da kwanan watan jiya. A kan bonet ɗin mota ya sa, a bakin kasuwa. Allah ya taimaka takardar ba ta cuta ba ce ƙwarai, amma ta ɗaure shi shekara uku, ta ce zai koma Abuja da zama ƙarƙashin wani koci, kuma babu sunan Baba Ishaya ko a wuri ɗaya.

Shamsuddeen ya kira ya ce ya taho ranar Litinin. Muktar ya ce to. Litinin ta wuce yana bayan shago. Ya sake kira, ya sake amsawa. Ya aiko direba, direban ya yini a Makarfi ya koma shi kaɗai. Bayan mako uku Shamsuddeen ya zo da kansa, idonsa ja, ya same ni a asibiti yana tambaya ko ƙanena yana da matsalar ji. Na ba shi kujera na ce ya zauna. Ba zan ɓoye ba, ranar na ji daɗi, don karo na farko ke nan da na ga halin nan ya faɗa kan wani ba mu ba. A ƙarshe shi ya sauko. Aka gyara takarda, horo a Makarfi, sai saura mako biyu wasa a tafi Abuja, kuma Baba Ishaya ne a kusurwarsa, shi zai kula da shi a gefen dandamali.

Sai a wasan farko na gane cewa ƙwararru ba sa sa hular kare kai. Hular da saboda ita na yarda tun farko. Na tambayi Baba Ishaya, ya sosa ƙeya ya ce ya zaci na sani. Wasa uku na farko duk da hagu ya gama su, babu wanda ya kai zagaye na huɗu. A waya nake kallo, kuma rabi idona a rufe.

Na huɗu a Legas aka sa, zagaye shida, da wani ɗan Ibadan da ya yi wasa goma sha ɗaya. Saura kwana ashirin na lura Muktar yana ɗaukar bokitin ruwa da dama. Wanda ya san shi ya san wannan ba daidai ba ne. Na kamo hagun na danna bayan yatsan tsakiya, ya ɗauke numfashi. Wurin a kumbure. Na rubuta masa takarda na ce ya tafi Zariya a ɗauki hoton ƙashi. Ya karɓa da hannu biyu, ya hau mota, ya tafi wurin wani mai ɗori a Malikanchi aka shafa masa magani aka ɗaure. Da ya dawo ya ce an duba, an ce babu komai. Ban yarda ba, na gaya wa Baba Ishaya a ɗage wasan. Dattijon ya sa shi ya daki buhu da hagu a gabansa. Ya daka sau ashirin fuskarsa ko motsi. Kumburin ya saɓe kafin ranar awo, aka wuce da shi.

A zagaye na biyu ya kai hagu ta sauka a goshin mutumin, na ga hannun ya dawo ya manne a ƙirjinsa bai sake fita ba. Na san abin da ya faru tun kafin mai sharhi ya lura. Daga baya Baba Ishaya ya ce mini a hutun zagayen ya ɗauko tawul zai jefa don a tsayar da wasan, Muktar ya riƙe masa hannu ya ce ya ba shi zagaye ɗaya. Zagaye huɗu ya yi da dama kaɗai. Yana kai ta, yana mayarwa haɓa, yana zagayawa, duk abin da aka yi shekara shida ana yi masa ihu a kai ya fito tsaf kamar tun da can ya iya. Ashe yana ji, ajiyewa yake yi. Alƙalai biyu suka ba shi, ɗaya ya ba ɗan Ibadan.

A Makarfi 'yan acaɓa suka yi ta zagaye gari suna hon. Ni kuwa ina neman likitan ƙashi a waya. Hoton ya nuna ƙashin ya tsage tun farko, wasan ya ƙarasa shi. Aka yi masa aiki a Zariya aka sa ƙarfe, wata bakwai babu dambe. Da ya yi hoton lokacin da na ce, mako shida ne kawai. Mutane suna zuwa dubiya suna cewa jarumi, ni ina gefe ina wanke masa ciwo ina cije baki. Da ɗakin ya yi sauƙi na tambaye shi ko ya san zai iya rasa hannun gaba ɗaya. Ya ce ya ji tsoro ne kada a ɗage wasan a ce ya sake guduwa kamar na Kaduna. Wannan ce amsa mafi tsawo da ya taɓa ba ni.

Da ya warke ya koma dambe, ya faɗi wasan farko a Abuja da maki, don yana tsoron sakin hagun. Ya dawo gida ya ci tuwo ya yi barci kamar ba shi aka doke ba, Baba Ishaya ne ya kwana biyu ba ya cin abinci. Uku da suka biyo baya duk ya ci, yanzu da hannu biyu. Wasa takwas ke nan, bakwai nasara. Har yanzu lokacin sara yana Taba, kuma Shamsuddeen ya koyi kada ya sa wasa a watan.

Yanzu an gayyace shi Accra, zagaye takwas, karo na farko da zai fita ƙasar waje. Sai aka zo maganar fasfo. Na ce ya kawo takardunsa in duba. Takardar makaranta ta ce 2001, Muktar. Katin ɗan ƙasa ya ce 1999, Muntari, wai abokansa ne suka ce ya ƙara shekaru don a ɗauke shi da muhimmanci. Lasisin dambe ya ce 2003, Mukhtar, wai wani a Abuja ne ya ce ƙarancin shekaru ya fi kasuwa. Kowa ya faɗa masa nasa, kowa ya amsa masa. Mako uku ke nan ina yawo da shi, kotu don rantsuwa, ofishin gyaran kati, Taba don Baba ya sa hannu a kan ainihin shekarar. Na cinye hutuna na shekara a kan benci.

Shekaranjiya muna Kaduna a layi tun safe. Shi ya jingina da bango ya yi barcinsa, ni ina rungume da fayil. Wani ma'aikaci ya gane shi ya fito da waya yana son su yi hoto. Na ce a fara buga mana hatimi tukuna. Aka buga, aka yi hoton, aka ce mu dawo ranar Alhamis ta sama. Wasan kuma ranar ashirin ga wata ne, idan komai ya tafi daidai za mu sha da kwana shida.

A mota muna dawowa na kira Baba Ishaya in ba shi labari, sai na tuna na tambaye shi ko nasa fasfon yana kusa. Ya ce yana nan a akwati tun na aikin soja, lafiyarsa ƙalau, ko yagewa bai yi ba. Na ce ya buɗe ya karanta mini ranar ƙarewarsa. Na ji yana kiran Mama Agnes ta kawo masa tabarau. Ya karanta a hankali, 1998. Gobe da safe ni da shi za mu koma Kaduna.